Tarihin Ra'ayoyin Masana Game da Halin Ɗan Adam

Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in aka jera su wuri ɗaya sai a ga kamar suna ƙaryata juna. Sukan ce "hali zanen dutse," watau ba mai iya kankare shi. Sukan kuma ce "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," watau tarbiyya tana iya juya mutum in an kama shi da wuri. Wannan saɓani bai tsaya a bakin kasuwa ba. Shi ne ya raba masana ilmin halayyar ɗan Adam ƙungiya-ƙungiya fiye da shekara 100, kowace ƙungiya da malaminta da littattafanta da hujjojinta.

Maganar kuwa ta shafi kowa. Malamin makaranta yakan rubuta a takardar sakamakon yaro cewa ba shi da natsuwa. Shugaban ma'aikata yakan cika rahoton shekara a kan na ƙasa da shi, ya ce mai himma ne ko malalaci, kuma ƙarin girman mutum da abincin iyalinsa suna iya rataya a kan wannan kalma guda. Duk wanda ya yi irin wannan rubutu yana aiki ne da wani ra'ayi game da hali, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka ya kamata a san inda manyan ra'ayoyin suka fito, da abin da bincike ya tabbatar daga cikinsu, da wanda ya rushe.

Gadon likitocin dā

Tun kafin a sami ilmin halayya a matsayin fanni mai zaman kansa, likitoci ne suka fara neman asalin hali a cikin jiki. Littattafan da ake dangantawa ga Buƙrat, likitan Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ce lafiya tana dogara ne ga daidaituwar ruwaye huɗu: jini, da majina, da safra, da sauda. Jalinus, wanda aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya ya kuma yi aikin likita a birnin Rum, ya faɗaɗa wannan bayani, sa'an nan waɗanda suka biyo bayansa suka fitar da ɗabi'u huɗu daga ciki. Mai rinjayen jini fara'a gare shi, mai majina sanyin jiki, mai safra saurin fushi, mai sauda kuwa yawan tunani da baƙin ciki.

A ƙarni na 9 Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa suka fassara littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza, kuma Ibn Sina (980–1037) ya tsara ilmin a cikin littafinsa *Al-Ƙanun*. Ta hanyar littattafan ɗibbu na Larabci wannan tunani ya iso hannun malaman ƙasar Hausa. Ilmin likitanci na zamani ya nuna cewa babu wani ruwa mai suna sauda da ke jawo baƙin ciki. Amma tambayar da likitocin dā suka yi, watau ko za a iya karkasa mutane gida-gida bisa ga wani abu da ke jikinsu, ba ta mutu ba.

Freud da almajiransa

A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen ilmin halayya a Jami'ar Leipzig ta Jamus, wannan shekara ce ake ɗauka mafarin fannin. To, amma ra'ayi na farko mai faɗi game da hali daga ɗakin duba marasa lafiya ya fito. Sigmund Freud (1856–1939) likitan jijiyoyi ne a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ana kawo masa mutane masu shanyewar hannu ko ɗaukewar murya alhali ba a ga wata cuta a jikinsu ba. Ya lura cewa wasunsu sukan sami sauƙi in aka bar su suka yi ta faɗin duk abin da ya zo musu a rai. Daga nan ya yanke cewa mafi yawan abin da ke tuƙa mutum yana ɓoye ne a wani sashe na zuciya wanda shi kansa mai ita bai san da shi ba, kuma yakan leƙo ta cikin mafarki da suɓutar baki. Littafinsa kan fassarar mafarki ya fito ɗauke da shekarar 1900.

A 1923 ya kasa zuciya gida uku. Akwai sha'awa tsagwaronta, wadda ba ta san haƙuri ba. Akwai mai tsawatarwa, watau muryar iyaye da al'umma wadda yaro ya haɗiye har ta zama tasa. Sa'an nan akwai "ni," mai sulhu tsakanin su biyun da kuma halin da duniya take ciki. A ganinsa shekaru biyar ko shida na farkon rayuwa su ke yanke yadda wannan sulhu zai kasance har tsufa. Wasu marubuta Musulmi sun kwatanta wannan kashi da matakan nafsu uku da malamai irin su Imam Gazali suka yi bayani, watau ammara da lawwama da muɗma'inna. Kamannin na sama-sama ne, domin malaman suna magana ne a kan matakan da rai ke hawa ta hanyar tarbiyya da ibada, shi kuwa Freud yana ganin rikicin ba ya ƙarewa, addini ma a wurinsa ruɗi ne. Malik Badri na Sudan ya ja hankalin masana Musulmi ga wannan bambanci a littafinsa na 1979.

Tun Freud yana da rai manyan almajiransa suka fara watsewa. Alfred Adler ya fita a 1911, yana cewa abin da ke motsa mutum shi ne jin ƙasƙanci da kowane yaro ke tasowa da shi a tsakanin manya, da ƙoƙarin da yake yi ya rufe wannan giɓi. Carl Jung na Siwizalan ya rabu da shi a 1913, kuma a littafinsa na 1921 ya yaɗa rabon mutane biyu da ya shahara har yau: mai fuskantar waje, wanda ke samun kuzari cikin jama'a, da mai fuskantar ciki, wanda ke samunsa cikin kaɗaici. Karen Horney ta ƙi yarda da abin da Freud ya faɗa game da mata, ta ce matsayin da al'umma ta ba su ne ya haifar da abin da shi ya ɗauka halitta ce. Erik Erikson kuwa a 1950 ya shimfiɗa matakai takwas daga goyo har tsufa, yana nuna cewa ginin hali ba ya tsayawa a yarinta.

Babban sukan da aka yi wa Freud shi ne cewa hujjojinsa labaran 'yan tsirarun marasa lafiya ne, mafi yawansu masu hali na Biyana, kuma shi kaɗai ya ji su ya fassara su. Masanin falsafa Karl Popper ya ƙara da cewa ra'ayin yana da amsa ga kowane abu: in mara lafiya ya yarda da fassarar an ce ta tabbata, in ya ƙi an ce ƙin nasa alama ce ta danniya. Ra'ayin da ba abin da zai iya ƙaryata shi, in ji Popper, ya fita daga da'irar kimiyya. Duk da haka wasu abubuwa nasa sun tsira, musamman cewa mutum yakan aikata abu bisa dalilin da bai sani ba, kuma yakan ɗora wa wani laifin da ke cikin zuciyarsa.

Masu cewa hali koyo ne

A daidai lokacin da ake wannan jayayya a Turai, wata ƙungiya ta taso wadda ta ce a bar zancen abin da ke ɓoye, a auna abin da ido ke gani. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya nuna cewa kare yana iya koyon dalalar da miyau in ya ji wata ƙara da aka saba haɗawa da abincinsa. A 1913 John Watson na Amurka ya yi shelar cewa ilmin halayya duka ya kamata ya bi wannan tafarki. A 1920 shi da Rosalie Rayner suka koya wa wani jariri ɗan wata 11 tsoron farin ɓera, ta hanyar buga ƙarfe da guduma a bayansa duk lokacin da ya kai hannu gare shi. A yau ba wata jami'a da za ta yarda a yi wa yaro haka. Watson har ya yi alfaharin cewa in aka ba shi jarirai lafiyayyu zai iya mayar da kowannensu likita ko ɓarawo, yadda ya ga dama.

B. F. Skinner ya ci gaba da wannan aiki da ɓeraye da tantabaru tun daga shekarun 1930. A wurinsa abin da ake kira hali tarin ɗabi'u ne da lada ya ƙarfafa ko rashinsa ya kashe. Ma'aikacin da ake kira malalaci, bisa wannan ra'ayi, mutum ne da ya daɗe a wurin da mai ƙwazo da mara ƙwazo suke karɓar albashi ɗaya. Albert Bandura ya gyara ra'ayin a 1961, da ya nuna cewa yaran da suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana sun kwaikwaye shi ba tare da an ba su ladan komai ba. Bahaushe ya riga ya faɗi haka da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan ƙungiya ta bar hanyoyin magance tsoro da gyaran ɗabi'a waɗanda asibitoci ke amfani da su har yanzu. Inda ta gaza shi ne bayyana dalilin da ya sa 'ya'yan ɗaki ɗaya, masu cin tuwo a akushi ɗaya, suke tashi da hali daban-daban.

Rogers da Maslow

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu masana a Amurka suka ce ƙungiyoyin biyu duk sun ƙasƙantar da ɗan Adam, ɗaya ta karanta shi daga marasa lafiya, ɗaya daga dabbobi. Abraham Maslow a 1943 ya jera bukatun mutum hawa-hawa: ci da sha, sa'an nan tsaro, sa'an nan ƙauna da zama cikin jama'a, sa'an nan mutunci, daga ƙarshe cikar baiwar da mutum ya zo da ita. Zanen dala da ake koyarwa a kwasa-kwasan horar da ma'aikata ba shi ya zana shi ba, wasu ne suka ƙirƙiro daga baya. Carl Rogers a littafinsa na 1951 ya ce mutum yakan gyaru da kansa in ya sami mai sauraronsa da gaskiya ba tare da sharaɗi ba, kuma aikin ba da shawara a makarantu ya ɗauki abu mai yawa daga gare shi. An soki Maslow da cewa shi da kansa ya zaɓi mutanen da ya kira cikakku, irin su Abraham Lincoln da Albert Einstein, sa'an nan ya fitar da siffofin cika daga gare su. Jerin nasa kuma bai bayyana almajirin da ke kwana da yunwa don neman ilmi ba, ko uwar da ke hana kanta don 'ya'yanta.

Masu awon hali

Ƙungiyar da ta fi rinjaye a jami'o'in yau ta faro ne daga bukatar gwamnati. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Robert Woodworth ya shirya wa sojan Amurka jerin tambayoyi don a gane waɗanda zuciyarsu ba za ta ɗauki fagen fama ba. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi babban ƙamus na Ingilishi suka tsamo kalmomi 17,953 da ake siffanta mutum da su, bisa hujjar cewa duk halin da ya dami jama'a sai harshensu ya ba shi suna. Kimanin 4,500 daga ciki suka ɗauka a matsayin halaye masu ɗorewa. Raymond Cattell ya yi amfani da lissafin da ke gano kalmomin da ke tafiya tare, ya rage su zuwa 16. Hans Eysenck a Landan ya ce biyu sun isa, watau son jama'a da saurin damuwa, ya kuma nuna cewa in aka gicciya su sai ɗabi'u huɗun nan na likitocin dā su sake bayyana.

A 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, masu yi wa sojan saman Amurka bincike, suka ga cewa rukuni biyar ne ke ta maimaita kansu a cikin alƙaluma. Ba a kula da rahotonsu sosai ba sai a shekarun 1980, lokacin da Lewis Goldberg da Paul Costa da Robert McCrae suka farfaɗo da shi. Rukunan su ne son sabon abu, da kula da aiki, da son jama'a, da sauƙin kai, da saurin damuwa. Kowane ɗaya ma'auni ne mai tsawo, mafi yawan mutane kuma suna tsakiyarsa. Wannan ya sa masana ba su amince da gwajin Myers-Briggs ba, wanda ke jefa kowa cikin ɗayan gidaje 16, ko da yake kamfanoni suna sonsa: mutane da yawa in suka sake shi bayan 'yan makonni sai su faɗa wani gida dabam.

Binciken tagwaye, ciki har da wanda aka fara a Jami'ar Minnesota a 1979 kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai, ya nuna cewa gado yana da alhakin kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a waɗannan halaye. Binciken da ya bi mutane shekara da shekaru kuma ya nuna cewa galibi kula da aiki da natsuwa suna ƙaruwa tsakanin shekara 20 da 40.

Ƙalubalen Mischel

A 1968 Walter Mischel ya girgiza masu awo. Ya tattara binciken da aka yi ya nuna cewa dangantakar sakamakon gwajin hali da abin da mutum zai aikata a wani yanayi guda ba ta cika wuce 0.30 ba, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar dacewa. Ya tuno da aikin Hartshorne da May na 1928, waɗanda suka jarraba dubban 'yan makaranta suka tarar cewa yaron da ya yi satar amsa a aji ba lalle ne ya yi maguɗi a filin wasa ba. An shafe shekaru ana muhawara. A 1979 Seymour Epstein ya nuna cewa in aka tara abin da mutum ya yi cikin kwanaki masu yawa, halinsa yakan fito fili, ko da yake aikin rana ɗaya ba ya nuna komai. A nan aka sami matsaya: hali yana nan, amma a cikin jimla ake ganinsa, kuma yanayi yana da nasa rabo.

Ra'ayoyin a ƙasashen Afirka

Waɗannan ra'ayoyi sun shigo Afirka ne a zamanin mulkin mallaka, wani lokaci kuma an mai da su makami. J. C. Carothers, likitan ƙwaƙwalwa a Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 yana siffanta "tunanin Ba'afirke" kamar abu guda ne daga teku zuwa teku, a 1954 kuma ya fassara tawayen Mau Mau a matsayin matsalar zuciyar Kikuyu, alhali mutanen suna kukan ƙasarsu da aka ƙwace. Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, yana cikin waɗanda suka yi wa irin wannan rubutu raddi.

A 1966 Robert LeVine na Jami'ar Chicago ya buga binciken da ya yi kan mafarkai da rubuce-rubucen 'yan makarantun sakandare maza a Nijeriya. Ya ba da rahoton cewa alamun burin cin nasara sun fi yawa a wurin ɗaliban Ibo, sa'an nan Yarbawa, sa'an nan Hausawa, su kuwa Hausawa sun fi ambaton biyayya. Shi LeVine ya danganta haka ga tsarin zaman dā, inda barantaka ga mai sarauta take hanyar ɗaukaka a ƙasar Hausa. Amma 'yan ɗaruruwan ɗalibai ba su isa su wakilci miliyoyin mutane ba, ma'aunin kuma a Amurka aka ƙera shi. Fataken da suka yi ta kai kanwa Gwanja suna komowa da goro, har suka kafa zango a Salaga da Kumasi, ba za a ce ba su da buri ba.

Wata hanya ita ce a fara daga harshen mutanen. A laccarsa mai suna *Mutumin Kirkii*, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya jera siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kunya da mutunci ba su da gurbi sosai a cikin rukunan nan biyar. A farkon shekarun 2000 Michael Ashton da Kibeom Lee, bayan nazarin kalmomin hali a harsuna da dama, suka ƙara rukuni na shida, watau gaskiya da tawali'u. A 2013 kuma binciken da aka yi a cikin al'ummar Tsimane ta Bolibiya bai sami rukunan biyar yadda aka saba ba. Wani nazari na 2008 ya nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya.

Kammalawa

Idan aka koma ga karin maganar nan biyu, tarihi ya ba kowace rabonta. Akwai abin da mutum ke zuwa da shi, kuma yana daɗa kafuwa da shekaru. Akwai kuma abin da tarbiyya da abokan zama da nauyin iyali da tsarin wurin aiki suke canzawa, har bayan iccen ya bushe. Abin da ya rage ga mai riƙe da alƙalami shi ne ya yi hattara. Kada ya yanke wa yaro ko ma'aikaci hukunci da abin da ya gani rana ɗaya. Ya tambayi kansa ko laifin na mutumin ne ko na wurin da aka ajiye shi. In an kawo masa gwajin hali daga waje, ya bincika a kan su wa aka gwada shi, da wane harshe. Ga ɗalibai kuwa akwai aiki a ajiye: ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da Hausawa ke siffanta juna da su, kuma irin tankaɗe da rairayar da Allport ya yi wa Ingilishi ana iya yi wa Hausa.